Yaƙi, Addini da Adabi a Tsohuwar Ƙasar Kano: Matsayin Dutse

Masana tarihin Turai suna kiran shekarun da suka faro daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 15 da sunan tsakiyar zamani. A Ingila, lokacin ne sufayen Kirista suka riƙa rubuta kundin tarihin Anglo-Saxon, wanda aka fara a zamanin Sarki Alfred a ƙarshen ƙarni na 9, kuma a ciki aka adana labarin yaƙin Hastings na 1066. Ƙasar Hausa ma tana da irin wannan kundi, wato Tarihin Kano. Ɗalibin adabi zai amfana ƙwarai idan ya karanta shi a matsayin aikin adabi, domin a cikinsa yaƙi da addini da zaman jama'a a sarƙe suke.

An rubuta kundin da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, amma abin da ya ƙunsa ya girmi rubutun nesa ba kusa ba, don kuwa daga bakin maroƙa da makaɗan fada da malamai aka tattaro shi. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, daga baya kuma fassarar Hausa ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shekarun sarautar da za a ambata a nan bisa lissafin Palmer suke.

A zamanin Sarki Yaji (1349-1385) ne Wangarawa suka iso Kano daga Mali da addinin Musulunci. Abin lura shi ne yadda marubucin ya gwada ƙarfin sabon addinin: a fagen daga ya gwada shi. Santolo, cibiyar masu bautar gargajiya, ta daɗe tana gagarar sarakunan Kano, sai Yaji ya nemi Wangarawa su yi masa addu'a, aka kuwa ci garin. Amma labarin bai miƙe haka ba. Kananeji (1390-1410), wanda aka ce shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, ya sha wuya a hannun Zazzau, har ya koma ga tsafin Tsibiri na kakanninsa kafin ya sami nasara. Marubucin, ko da yake malami ne Musulmi, bai ɓoye wannan ba, kuma nan ne darajar kundin take. Ya nuna mana al'ummar da ta yi shekaru aru-aru tana riƙe da addini biyu, sarki kuma yana jingina ga wanda ya ga zai ba shi galaba. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), mai Kasuwar Kurmi, wanda Shehu Maghili ya rubuta wa littafi kan wajiban sarakuna, Musulunci ya zauna daram a fada.

To, ina Dutse a cikin wannan labari? Sunanta ya fito a zamanin Abdullahi Burja (1438-1452), inda aka ce shi ne sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse, da 'yar Sarkin Shira, da ta Sarkin Rano. Jimlar gajeriya ce, amma tana da nauyi. Sarki ba ya neman aure a gidan da bai isa ba. Ke nan tun a tsakiyar ƙarni na 15 Dutse tana da sarauta tsayayya wadda Kano ta ga gara ta ƙulla surukuta da ita. Duk wanda ya ga yadda duwatsu suka kewaye Garu, tsohon mazaunin sarautar, zai gane dalili: wuri ne da doki ba ya sakewa, dawaki kuwa su ne ƙarfin Kano. Ko a ƙarni na 18, da Sarki Kumbari (1731-1743) ya kai wa Dutse yaƙi, kundin ya nuna ya juya bai shiga garin ba.

Ta fuskar salo, kirari ne ƙashin bayan kundin. Sarakuna da dama an adana kirarinsu da Hausa a tsakiyar Larabcin, tare da jerin sunayen barade da jarumansu, kamar dai yadda maroƙi yake jero su a ƙofar fada. Wannan ya sa manazarta suke ɗaukar waɗannan guntaye cikin tsofaffin samfuran adabin bakan Hausa da suka iso gare mu. Sai dai kirari na mai gida ne, ba ya yabon abokin gaba. Dutse da Gaya da Rano duk da idon Kano aka dube su, a matsayin surukai, ko masu biyayya, ko masu tawaye. Nasu ɓangaren labarin yana cikin kirarin sarautunsu da waƙoƙin makaɗan fadarsu da bakin dattawa, kuma a nan ne ɗalibin da ya fito daga Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu yake da damar da babu kundin da zai ba shi.