Sifilin da ke ɓacewa a Excel: yadda za a kiyaye lambobin waya da na mambobi

Yau bayaninmu ya shafi sakatarorin ƙungiyoyi da duk wanda aka ɗora wa rubuta sunayen mutane a kwamfuta. Mu ɗauki misali. Ƙungiyar ƴan gari na tara gudummawa don gyaran rijiya, sakatare ya buɗe Excel yana rubuta lambobin wayar ƴan'uwa da ke Kano da Kumasi da Abijan. Ya rubuta lambar da ta fara da 07, ya sauka layi na gaba, sai ya ga sifilin ya tafi, lambar ta fara da 7. Ya goge ya sake, haka dai. Wani ma ba zai lura ba sai ranar da aka zo kiran mutane, a ga waya ba ta shiga.

Kwamfutar ba ta lalace ba. Excel don lissafi aka yi shi, kuma a lissafi sifilin farko ba ya ƙara komai: wanda ke bin ka 05000 da wanda ke bin ka 5000, duk jika biyar ne. Shi ya sa yake share shi. Amma lambar waya da lambar asusun banki da lambar katin mamba ba adadi ba ne, suna ne. Ba mai tara lambar wayar Malam da ta Hajiya ya ce ga jimilla. To, aikinmu shi ne mu gaya wa Excel cewa wannan rubutu ne, kada ya taɓa shi.

Me ya sa abin ya fi damun na waje

Lambobin wayar Nijar alƙaluma 8 ne, kuma na salula da muka saba da su ba da sifili suke farawa ba, shi ya sa mutum zai daɗe bai gamu da matsalar ba. Da zarar an tsallaka iyaka, labari ya sake. Lambobin Najeriya alƙaluma 11 ne masu farawa da 0, na Gana 10, na Faransa ma 10 masu farawa da 06 ko 07. A waɗannan ƙasashe uku ana jefar da sifilin idan an sa lambar ƙasa a gaba, kamar +234 ko +233 ko +33.

Na Kodebuwa kuwa daban ne. Tun 2021 lambobin salula na can suka koma alƙaluma 10, suna farawa da 01 ko 05 ko 07, kuma sifilin na cikin lambar ne, ko an sa +225 sai an rubuta shi. Benin ma ta ƙara 01 a gaban lambobinta a ƙarshen 2024. Ke nan idan Excel ya cinye sifilin ɗan'uwanmu na Abijan ko na Kwatano, lambar ta mutu. Haka lambar asusun banki a Najeriya, alƙaluma 10 ce, da yawa kuma da sifili suke farawa. In an aika wa mai tura kuɗi alƙaluma 9, dawowa zai yi ya ce babu wannan asusu.

Hanya ta farko: waƙafin sama

Idan lambobin kaɗan ne, kafin a rubuta lamba a sa wannan alama ('), kamar haka: '045. A allon rubutu irin na Faransanci da aka fi samu a ofisoshinmu, tana kan maɓallin da ke ɗauke da 4. Alamar ba za ta fito cikin akwatin ba, 045 kawai za a gani, da sifilinsa. Wani ɗan koren tabo zai bayyana a kusurwar akwatin. Kada a damu da shi, kuma in Excel ya ba da shawarar mai da shi lamba, kada a yarda, don nan take sifilin zai sake tafiya.

Hanya ta biyu: a shirya layin tun kafin rubutu

Ita ce muka fi ba da shawara ga mai dogon jerin sunaye. A danna harafin da ke saman layin, misali C, duk layin ya haskaka. A danna maɓallin dama na linzami, a zaɓi «Format de cellule», sannan «Texte», sai OK. Daga nan duk abin da aka rubuta a layin zai tsaya yadda yake, har da alamar + da 00227. Amma a kula: tun farko ake yin wannan. In an riga an rubuta sifilin ya tafi, mai da layin «Texte» ba zai dawo da shi ba. A Google Sheets, wanda wasu ke buɗewa a waya, ana kiran wannan zaɓi «Texte brut».

Hanya ta uku: in aikin gama ya gama

A ce an riga an rubuta lambobin mambobi 300, an tarar 007 ya koma 7, 045 ya koma 45. Ba sai an sake rubutu ba. A buɗe sabon layi a gefe, a rubuta =TEXTE(A2;"000") sannan a ja shi har ƙasa. Yawan sifilin da aka sa tsakanin alamomin shi ne tsawon lambar, Excel zai cike gurbin da ya rage. Mai Excel na Turancin Ingilishi zai rubuta =TEXT(A2,"000"). Bayan haka a kwafi sabon layin, a liƙa shi ta «Collage spécial» da «Valeurs», don lambobin su tsaya da ƙafarsu ko an goge tsohon layi.

A nan akwai tarko. In jerin ya haɗa ƙasashe, aka sa sifili 11 saboda lambobin Najeriya, to lambar Maradi mai alƙaluma 8 za ta samu sifili uku da ba nata ba. Dabara ita ce a ware layi guda na sunan ƙasa, a gyara kowace ƙasa daban.

Akwai kuma zaɓin «Personnalisée» a cikin «Format de cellule», inda ake rubuta 000. Wannan riga ce kawai: ido zai ga 045, amma abin da ke cikin akwatin 45 ne. Ya isa in takarda za a buga a manna a bango, amma in za a kwashe lambobin zuwa wani shiri, sifilin na iya zubewa a hanya.

Abubuwa biyu da za a kiyaye

Na ɗaya, doguwar lamba. Idan ta kai alƙaluma 12, Excel na taƙaita ta, a ga wani abu kamar 2,34803E+12. In ta wuce 15 kuwa, sauran alƙaluman na ƙarshe sifili yake mai da su, kuma ba sa dawowa. Maganin dai shi ne «Texte» kafin rubutu.

Na biyu, fayil mai ƙarewa da .csv, irin wanda ake saukowa da shi daga wasu shirye-shiryen ƙidaya. In aka buɗe shi kai tsaye, Excel kan share sifilai, in kuma aka adana a haka sun tafi ke nan. A riƙa ajiye kwafin asali da ba a taɓa ba.

Kafin sakatare ya miƙa jerin ga shugaban ƙungiya ko ga mai tura kuɗi, ya ƙirga alƙaluman lambobi biyar ko shida, ya kira biyu daga ciki ya ji sun shiga. Ku kuma ƴan'uwa na waje, in za ku aiko da lamba, ku rubuta ta cikakkiya tare da lambar ƙasa, ku faɗi garin da kuke, don mai rubutu ya san tsawon da ya kamata ta kasance.