Ɗan Bawul Ɗin da Ke Hana Mota Tashi Bayan An Sha Mai

Mota tana tafiya lafiya lau, a shiga gidan mai a cika tanki, a murɗa makulli sai ta yi ta kuka ta ƙi kamawa har sai an taka totur. Nan take a ce an zuba gurɓataccen fetur. Wani lokaci hakan ne. Amma idan abin ya zama kowane gidan mai sai ta yi, to a bar masu mai su huta, a duba wani ɗan bawul da bai kai tafin hannu ba.

Fetur yana fitar da tiriri ko da mota na ajiye, balle a zafin Afrilu. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta tilasta a daina barin tiririn nan yana bin iska, sai aka sa wa motoci wani akwati cike da gawayi mai tsotse shi. Daga akwatin, tiyo ya taho zuwa injin, a tsakani kuma akwai bawul mai aiki da lantarki. A rufe yake zama. Sai injin ya ɗauki zafi sannan kwamfutar mota ta riƙa buɗe shi kaɗan-kaɗan, injin ya zuƙe tiririn ya ƙone. Su Camry da Corolla da Accord da ake shigo mana da su daga Amurka duk da wannan tsari suke zuwa.

Idan bawul ya maƙale a buɗe, tiririn da sabon mai ya koro daga tanki sai ya zarce cikin injin ya shaƙe shi. Kukan da ake ji a gidan mai ke nan, kuma silo ma yakan yi rawa. Idan a rufe ya maƙale, direba ba lallai ya ji komai ba, sai dai fitilar injin ta kama.

Tun daga 1996 kowace motar Amurka tana da soket a ƙasan sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Cikin lambobin da na'urar ke nunawa, P0441 na nufin tiririn ba ya wucewa yadda ya kamata, P0443 matsalar layin wutar bawul ce, P0455 kuwa babban yoyo a wani wuri. Lambar dai unguwa take nunawa, ba gida ba. Murfin tanki da robarsa ta tsage ya isa ya kawo P0455, kuma shi ya fi komai arha, don haka da shi ake farawa.

Gwajin bawul ɗin kansa ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A cire shi, a jona masa guntun tiyo mai tsabta a hura. In iska ta wuce alhali babu wuta a jikinsa, ya lalace, magana ta ƙare. In ba ta wuce ba, a ba shi wutar batir ta ɗan lokaci: za a ji ƙas, sannan iska ta wuce. Ƙarar kaɗai ba shaida ba ce, domin bawul yakan yi ƙas alhali bakinsa ba ya rufuwa ruf. Abin takaici, sau da yawa kafin a zo nan an riga an canza fulogi da famfon mai, wani bakaniken ma ya cire ƙwan fitilar ya ce ya gyara.

A kuma karkata bawul ɗin a bubbuga shi a tafin hannu. Idan baƙaƙen tsaki suka zubo, gawayin akwatin ne ya farfashe. Abin da ya fi jawo haka shi ne ɗabi'ar nan ta girgiza mota ana ƙara mai bayan famfo ya tsaya da kansa, har fetur ya gangara cikin akwatin da aka yi don tiriri kawai. A irin wannan hali sai an canza akwatin an kuma busa tiyon, in ba haka ba sabon bawul ma tsakin zai cushe shi.