Na'urar Gano Yoyon Gas: Shirunta Ba Shaida Ba Ne

Ana jawo hankalin jama'a cewa na'urar nan mai ƙara idan gas ya yi yoyo tana da amfani, amma kada a saki jiki da ita. Gas na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Na'urar da aka kafa kusa da rufi ba za ta ji shi da wuri ba. Wurinta kamar santimita 30 daga daɓe. Mai aiki da lantarki kaɗai kuwa, da an ɗauke wuta ta kurumce. Hancinta ma yakan dushe bayan kamar shekara 5, alhali fitilarta na kunne.

Saboda haka in an canja tukunya, a shafa ruwan sabulu a mahaɗin tiyo; in kumfa na tasowa, akwai yoyo. In an ji wari, ko na'ura ba ta motsa ba, a rufe tukunya, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki.