Hawan Dutsen Sina'i da Ƙafa: Abin da Za Mu Koya wa Masu Ziyara

Cikin membobinmu masu zuwa ziyarar ƙasa mai tsarki, akwai waɗanda tafiya takan kai su Masar, su hau Dutsen Sina'i, wanda Larabawa suke kira Jabal Musa. Tsayinsa mita 2,285 ne. Littafi Mai Tsarki bai fayyace ainihin wurin da dutsen yake ba, amma tun ƙarni na 4 Kirista suke hawa wannan a matsayin inda Musa ya karɓi Doka (Fitowa 19–20). A gindinsa akwai gidan 'yan zuhudu na Santa Katarina, wanda Sarki Justiniyan ya sa aka gina a ƙarni na 6.

Akan fara hawa da tsakar dare domin a kai ƙwanƙoli kafin fitowar rana, tafiyar awa biyu zuwa uku. Hanya biyu ce. Ɗaya ta raƙuma, mai kewaye, ba tsauri sosai. Ɗayar kuwa matakan dutse ne wajen 3,750, ana ce da su Matakan Tuba. Ko wanda ya hau raƙumi, sai ya sauka ya taka matakai wajen 750 na ƙarshe. Akwai sanyi mai tsanani a sama. Saboda haka mu gargaɗe su su tanadi rigar sanyi, tocila, ruwa da takalmi mai ƙarfi. Tsofaffi da masu ciwon zuciya su ji shawarar likita tukuna, kada kunya ta sa su ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu.

Sunan nan, Matakan Tuba, shi ne inda aikinmu yake. Mai ziyara yana iya ɗauka cewa gajiyarsa ta biya bashin zunubinsa, ko kuwa addu'a a bisa dutse ta fi ta gida karɓuwa. Mu nuna masa cewa ceto ta wurin alheri ne (Afisawa 2:8-9), kuma Yesu bai ɗaure sujada da wani dutse ba (Yahaya 4:21-24). Wanda ya tsaya a gindi bai yi hasarar albarka ba.

To, mene ne amfanin hawan? Duhu, shiru da wahalar hanya suna sa mu karanta Fitowa da sabon tsoron Allah. Mu kuma tuna da Iliya: da Ubangiji ya gama magana da shi a Horeb, sai ya mai da shi bakin aikinsa (1 Sarakuna 19). In membobinmu sun dawo, kada mu tsaya ga tambayar ko sun kai ƙwanƙoli. Mu tambaye su aikin da suka sauko su yi.