Yadda labarin masifa yake isa ga hukuma

Mai karatu, ka tuna yunwar 2005 wadda ta biyo bayan fari da fara. Ka tuna kuma ruwan 2024 da ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Domin kada masifa ta same mu ba shiri, an kafa kwamitocin gargaɗi a ƙauyuka da dama. Suna lura da ruwan sama, kuɗin tiyar hatsi, lafiyar yara da ta dabbobi. Suna kai rahoto ofishin magajin gari, daga nan ya wuce wurin gwamna, har Yamai. Da shi hukuma take sanin inda za ta fara kai cimaka.

Idan ka ga fara, ko rijiya ta ƙafe, sanar da kwamitin garinku tun da wuri.