Barin shaye-shaye: me ya sa ake raba zaman mata da na maza?



Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wani kamfani a Sharada, Challawa ko Bompai lokacin canjin aiki, ya ga yadda gajiya take a fuskar ɗan Adam. Wani ya kwana a tsaye gaban injin roba, wani ya yini cikin warin fata a wurin jima, wani dako yake tun safe. A nan tiramol ya samu wurin zama. Da sunan maganin gajiya ake fara shi, ƙwaya ɗaya kafin aikin dare. Bayan 'yan watanni ɗaya ba ta isa, ranar da ba a sha ba kuma sai ciwon gaɓoɓi, gumi, rashin barci da faɗa babu dalili.

Na namiji ke nan, a fili yake. Wanda ba ma son faɗa shi ne na cikin gida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A wajen maganin tari mai kodin da ƙwayoyin sa barci, tazarar da ke tsakanin mata da maza ba ta da yawa. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a nan Kano. To amma hana kwalba daban, warkar da wadda ta saba da ita daban. Je ka wuraren jinya ka duba, matan da ke zuwa ba su taka kara sun karya ba.

Cikin hanyoyin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi akwai zaman rukuni: mutum kamar takwas ko goma masu matsala iri ɗaya, su zauna sau ɗaya ko biyu a mako, na kamar awa ɗaya da rabi, ƙarƙashin ma'aikacin da aka horar. Ba wa'azi ba ne, ba kuma kotu ba. Kowa ya faɗi abin da ke tunzura shi ya sha, da yadda ya tsallake wannan makon ko ya zame. Sharaɗin farko: abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake tsayawa.

Maganin nan magana ce. In baki bai buɗe ba, ba a sha magani ba.

Yanzu ka ɗauki matar aure ka zaunar da ita cikin maza takwas, wataƙila ɗaya abokin aikin mijinta ne a kamfani, ka ce ta faɗi dalilinta. Me za ta ce? Cewa ta fara ne ranar da aka kawo lefen amarya? Cewa tun da ta haihu zuciyarta ba ta koma daidai ba, ba ta barci? Cewa ana dukanta, ko wani abu ya same ta tana yarinya wanda ko mahaifiyarta ba ta sani ba? Wallahi shiru za ta yi, ta ce "sharrin shaiɗan ne", a tashi. Tsoronta ma daban ne: saki, ƙwace 'ya'ya, da sunan da zai bi ƙannenta mata har su rasa manema.

Namijin ma haka. Gaban mata ba zai ce yana shan tiramol don ya daɗe a shimfiɗa ba, ko albashi na ƙarewa kafin goma ga wata har yana jin nauyin shiga gida. Cikin maza 'yan uwansa, in ɗaya ya fara, sauran sukan biyo.

A Amurka, wata likita mai suna Shelly Greenfield ta gwada rukunin mata zalla da na gauraye, ta fitar da sakamako a 2007 da 2014. A gwajin da ya fi girma duka biyun sun rage sha, ba wanda ya kasa. Bambancin shi ne matan da ke cikin mata sun fi samun natsuwa da sakin baki. Idan can, inda cuɗanya ba komai ba ce, haka ta kasance, ina ga Kano, inda maigida da yawa ba zai ma bar iyalinsa ta shiga ɗakin da maza suke ba?

Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya zo a Bukhari cewa mata sun roƙi Manzon Allah (SAW) ya ware musu rana tasu, don maza sun rinjaye su a wurinsa, kuma ya ware. Nana Asma'u 'yar Shehu ma ta hannun jajis ta isar da karatu ga mata a ƙauyuka, mace na koyar da mace. Haka nan ya zo cewa an sha kawo wani mutum saboda giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa.

Sai dai a kula. Raba mata da maza kaɗai ba ya warkarwa. Gidan da aka fasa a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, ai maza ne zalla. Rukunin da ba shi da ƙwararren jagora majalisar hira ce, wani lokacin ma nan ake samun sabon dila. Zuma, habbatus sauda da ruƙiyya suna da muhallinsu, amma ba sa maye gurbin likita. Wanda ya daɗe kan rafanol ko diyazafam, in ya yanke lokaci guda yana iya yin jijjiga kamar farfaɗiya. Mai ciki da ta saba da kodin ko tiramol kada ta daina kwatsam, don cikin na iya taɓuwa. A fara da asibiti: akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara.

In kun je, ku tambaya ba kunya: akwai zaman mata daban? Mace ce ke jagoranta? Wace rana, tunda mai aikin kamfani ba kullum yake samun fita ba?

Kai kuma Malam maigida, in abin ya faɗo gidanka, ajiye maganar takarda tukuna. Kai ta da kanka, ka samu mai riƙe yara, ka jira a waje. In ta fito, kada ka tambaye ta me ta faɗa a ciki.