Guntun DNA Mai Yawo Da Ya Raba Manyan Birai Da Wutsiya

A shekarun 1940 Barbara McClintock, masaniyar kimiyya 'yar Amurka, ta lura da ƙwayoyin masara masu dabbare-dabbare, ta gano cewa wasu sassan ƙwayoyin gado suna tashi daga wuri su koma wani. An daɗe ba a ɗauki maganarta da muhimmanci ba. Sai a 1983 aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

Da aka fitar da taswirar DNA ta ɗan Adam a 2001, sai ga shi kusan kashi 45 cikin ɗari irin waɗannan sassa ne masu yawo. Babbansu shi ne LINE-1, wanda ke kwafar kansa ya dasa kwafin a sabon wuri. Yana da kwafi kimanin 500,000, amma waɗanda ke motsi har yau ba su wuce ɗari ba.

Wani ƙarami daga cikinsu, Alu, ya fi ban mamaki. Tsawonsa harufa 300 ne kacal, kuma ba ya iya tafiya da kansa, sai LINE-1 ya rage masa hanya. Duk da haka ya haura kwafi miliyan ɗaya. A jikin birai da danginsu da mutum kaɗai ake samunsa, kuma masana sun ƙiyasta ya bayyana shekara miliyan 65 da suka wuce. Ya fi yaɗuwa wajen shekara miliyan 40 baya, daga nan ya lafa, musamman a jikin birin orangutan.

Inda kwafin ya faɗa, nan magana take. A 1988 Haig Kazazian ya gano yara biyu masu cutar rashin daskarewar jini, saboda LINE-1 ya kutsa cikin ƙwayar gadon da ke taimaka wa jini ya daskare.

A 2024 kuma Bo Xia da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka nuna cewa akwai wani Alu a cikin ƙwayar gado mai suna TBXT a jikin mutum da gorila da cimfanzi, babu shi a birai masu wutsiya. Da suka kwaikwayi tasirinsa a jikin ɓeraye, sai aka haifi wasu da guntuwar wutsiya, wasu babu ita sam.  Masanan sun ce dashen Alu a cikin TBXT ya auku ne kimanin shekara miliyan 25 da suka wuce.